Murar da ke gangarawa ƙirjin jarirai: tambayoyi da amsoshi kan buronkiyolaitis da yaran da yake kwantarwa a asibiti

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin jinyar yara a lokacin da mura ke yawo ya san sautin nan: ɗan busasshen tari, sai siririn fito daga ƙirji, sai kukan jaririn da yake son nono amma ya kasa tsotsa. Akasarin waɗannan jarirai ciwo ɗaya ne ya kawo su, wanda likitoci ke kira buronkiyolaitis. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi a bakin gado. Wadda ta fi fitowa daga bakin uwa kuwa ita ce: kowa a gidan ya yi murar nan ya warke, me ya sa shi kaɗai ta kayar?

Mene ne buronkiyolaitis, kuma ina bambancinsa da murar da muka sani?

Hanyar iska a jikin mutum kamar bishiya take da aka kifa. Maƙogwaro ne gindinta, ya rabu biyu zuwa huhun dama da na hagu, kowanne ya yi ta fitar da rassa, rassan suna ƙara sirancewa har su kai ga 'yan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini. Murar yau da kullum a sama take tsayawa, hanci da maƙogwaro. Idan ƙwayar cutar ta gangara ta kama ƙananan rassan nan na can ƙarshe, shi ne buronkiyolaitis. Bangonsu ya kumbura, 'yar fatar da ta lulluɓe cikinsu ta saɓule ta zube a bututun, majina ta taru a kai, hanya ta cushe.

Idan aka ja numfashi bututun kan ɗan buɗe, idan aka saki sai ya matse. Don haka iska tana samun shiga, fitarta ce take wuya, kuma matsatsiyar fitar nan ita ce fiton da ake ji. Inda bututu ya toshe ɗungurungum, ɓangaren huhun da ke bayansa yakan lotse.

Ciwon na 'yan ƙasa da shekara 2 ne, ya fi yawa a watanni shidan farko. Yakan fara da yoyon hanci na kwana ɗaya zuwa uku, sai tari da saurin numfashi su biyo baya. Tsakanin kwana na 3 da na 5 yake kai maƙura. Wannan abin a riƙe ne, domin jaririn da aka duba ranar farko aka ce mura ce yana iya rikicewa jibi, ba tare da wani ya yi kuskure ba.

Wace ƙwayar cuta ce ke kawo shi?

Babbarsu ita ce ƙwayar bairos da ake kira RSV. A 1956 aka fara gano ta a jikin wasu birai nau'in cimfanzi da suka kamu da mura a wani wurin bincike a Amurka. Shekara guda bayan haka likita Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai masu ciwon ƙirji. Ita ce ke da fiye da rabin jariran da ake kwantarwa saboda wannan ciwo, kuma da wuya yaro ya cika shekara 2 bai taɓa gamuwa da ita ba.

Mai bi mata ita ce rainobairos, wadda ita ce ke sa manya yawancin murar da suke yi. Sai metanimobairos, 'yar'uwar RSV ta kusa, wadda masu bincike a ƙasar Holan suka bayyana a 2001. Akwai kuma infuluwenza, farainfuluwenza, adenobairos, dangin korona, da bokabairos da aka gano a Suwidin a 2005. Da ido ba a rarrabe su. Sai an ɗebi majina daga can cikin hanci an yi gwaji, irin na PCR mai gano ƙwayar cuta a ɗakin gwaje-gwaje.

Abin ya kai a damu da shi haka?

Ya kai. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai RSV ta jawo ciwon ƙirji kimanin sau miliyan 33 a yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya, ta kwantar da kimanin miliyan 3.6 a asibiti, ta yi ajalin fiye da 100,000. Kusan rabin waɗanda suka rasu ba su wuce wata 6 ba. Fiye da kashi 97 cikin 100 na mace-macen kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka faru. Ƙwayar ɗaya ce a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne nisan asibiti da samun iskar oksijin a kan lokaci, kuma wannan lissafi yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi, domin abin da yawancin yaran nan suka rasa ba wani magani ne mai wuyar haɗawa ba.

Mene ne babban abin da ke sa ciwon ya tsananta har a kwantar da jariri?

Ƙanƙantar shekaru, ko in ce ƙanƙantar makonni. Jaririn da bai kai wata 3 ba shi ne kan gaba, wanda bai kai mako 6 ba kuma ya fi kowa.

Dalili na farko faɗin bututu ne. Akwai wata ƙa'ida a ilimin gudanar iska da ruwa: idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura iska ta cikinsa takan ninka har sau 16. Kumburin da babba ba zai ma lura da shi ba, a bututun jariri ya isa ya cinye rabin hanya. Na biyu, haƙarƙarin jariri laushi gare shi. Idan ya yi yunƙurin jan iska da ƙarfi, maimakon ƙirjin ya buɗe sai ya lotsa ciki, ƙarfin ya tafi a banza. Na uku, tsokokinsa na numfashi saurin gajiya suke, alhali jikinsa, idan aka auna da nauyinsa, ya fi na babba cin oksijin.

Ga kuma batun hanci. A watannin farko jariri ta hanci ya fi yin numfashi, musamman idan bakinsa na kan nono. Ki lura da jariri mai wannan ciwo a lokacin shayarwa: zai kama da zafin yunwa, ya tsotsa sau uku ko huɗu, ya saki, ya ɗaga kai yana haki, ya fashe da kuka, ya sake kamawa. Zufa ta tsattsafo masa a goshi kamar wanda ya yi aiki. Shan nono ya zama masa zaɓi tsakanin ci da numfashi, kuma numfashi zai zaɓa. Daga nan ruwan jikinsa ya ragu, majina ta ƙara kauri, ƙarfi ya ƙara ƙarewa. Jarirai da yawa rashin shan nonon ne ke kai su gadon asibiti tun kafin oksijin ɗinsu ya sauka.

Abu na ƙarshe shi ya fi ban tsoro. Ƙananan jarirai, musamman 'yan ƙasa da wata 2 da bakwaini, suna iya ɗauke numfashi na ɗan lokaci. Wani lokaci wannan ce alamar farko, tun kafin a ji tari ko fito.

An haifi 'yata bakwaini. Me ya sa ake ta ja mini kunne a kanta?

Saboda an katse mata abubuwa biyu a tsakiyar hanya. A watanni ukun ƙarshe na ciki uwa take tura wa ɗanta mafi yawan sinadaran garkuwar jikinta ta mabiyiya. Su ne guzurin da jariri ke fitowa da shi, yana kare kansa da su kafin nasa jikin ya koyi aiki. Wadda ta fito da wuri ta fito da ƙaramin guzuri. A waɗannan watanni ne kuma huhu ke ƙarasa ginuwa. Duk wanda aka haifa kafin ciki ya kai mako 37 yana da ƙarin haɗari, kuma haɗarin yana hauhawa ga wanda ya zo kafin mako 32, ya fi tsanani ga wanda ya zo kafin mako 29. Idan ta daɗe a kan na'urar numfashi ko oksijin bayan haihuwa har huhunta ya samu tabo, to tana cikin waɗanda za a fi sa wa ido har ta shekara 2.

Wannan ba yana nufin lallai sai ta kwanta ba. Yana nufin murar da za a jira a gani a wurin wani yaro, ita a kai ta a duba.

Waɗanne larurori ne kuma ke ƙara haɗari?

Ciwon zuciya na haihuwa, irin wanda ke tura jini da yawa zuwa huhu ko yake rage oksijin a jini, domin zuciyar tana aiki a iyakar ƙarfinta tun kafin mura ta zo. Larurar jijiyoyi ko tsoka da ke hana yaro yin tari mai ƙarfi ko haɗiya daidai, sai majina ta zauna masa a ƙirji. Raunin garkuwar jiki, ko na haihuwa, ko na cutar HIV, ko na maganin daji. Masu larurar Down, wadda ake haifar yaro da ita kuma take jinkirta girma da koyonsa, su ma suna ciki, ko da zuciyarsu lafiya lau take. Haka jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi, da wanda tamowa ta kama.

To ni nawa wata tara cif ya yi, lafiyarsa ƙalau, ga shi an kwantar da mu. Ina na yi sakaci?

Ba ki yi ba. Wannan shi ne abin da na fi so iyaye su ji: mafi yawan jariran da ake kwantarwa saboda RSV lafiyayyu ne, cikakkun haihuwa, ba su da ko ɗaya daga cikin larurorin da aka lissafa. Bakwaini da mai ciwon zuciya kowannensu ya fi shiga haɗari, amma su 'yan kaɗan ne, lafiyayyun jarirai kuwa su ne jama'a, saboda haka su ne suka cika gadajen.

Jerin abubuwan haɗari yana taimaka wa likita ya san wanda zai riƙe ko da alamunsa ba su yi tsanani ba. Ba takardar shaida ba ce ga sauran yara cewa sun tsira. Na sha ganin uwa ta jinkirta zuwa asibiti saboda ɗanta ƙato ne mai ƙiba, tana ganin irinsa ba ya kwanciya. Ƙiba ba ta faɗaɗa bututun iska. Ɗan mako biyar ɗan mako biyar ne, komai kumatunsa.

Daga ina jariri da ba ya fita ko'ina yake kwaso ta?

Kawo masa ake yi, kuma galibi yayyensa ne. Yaron da ke zuwa makaranta ko gidan raino ya kwaso ta a matsayin 'yar mura, ya dawo ya rungumi ƙaninsa saboda ƙauna, ya sumbace shi, ya taɓa masa fuska. Shi ya sa samun yayye ƙanana a gida, cunkoson mutane a ɗaki ɗaya, da kai jariri gidan raino da wuri suke cikin abubuwan da bincike ya fi nanatawa. Manya ma suna ɗauke da ita, sau da yawa ba tare da sun ɗauki abin a bakin komai ba.

Akwai wani gwaji da likita Caroline Breese Hall ta yi a birnin Rochester na Amurka, aka buga shi a 1981, wanda ya fito da hanyar yaɗuwar fili. Ta raba masu sa kai gida uku. Na farko suka ɗauki jarirai masu RSV suka yi musu hidima. Na biyu ba su ga jaririn ba, sai bayan an fitar da shi suka shiga suka taɓa gado da kayan ɗakin, sannan suka shafa hancinsu ko idonsu. Na uku suka zauna a ɗakin tare da jaririn, nesa da gadon da kimanin mita 2, ba su taɓa komai ba. Biyar cikin bakwai na rukunin farko suka kamu, huɗu cikin goma na rukuni na biyu, a rukuni na uku kuwa ko mutum ɗaya cikin 14 bai kamu ba. Hannu da kusanci su ne babbar hanya. Ƙwayar tana iya yin awoyi a raye a kan ƙarfen gado, tebur ko abin wasa. Bayan ta shiga jiki takan yi kwana 4 zuwa 6 kafin alamu su fito, mai ɗauke da ita kuma yakan yi kwana 3 zuwa 8 yana yaɗa ta, ƙaramin jariri ko mai raunin garkuwa har makonni.

Ba sai an raba yaro da ƙaninsa ba. A wanke masa hannu da sabulu idan ya dawo, a nuna masa ya taɓa ƙafar jaririn maimakon fuskarsa har murar ta wuce. Baƙo mai mura kuma ya yi haƙuri da ɗauka.

Ina shan taba, amma a waje nake sha. Wannan ma matsala ce?

Shan a waje ya fi shan a ɗaki nesa ba kusa ba, amma bai kawar da matsalar ba, domin hayaƙin yana maƙalewa a riga, gashi da hannu, kuma a kan ƙirjin nan za ka ɗora jaririn. Hayaƙin taba yana kashe ƙarfin 'yan gashin da ke share majina daga hanyar iska, yana kuma sa bangon bututun ya zauna a kumbure. Jaririn da ke shaƙarsa ya fi kamuwa, idan ya kamu kuma ya fi jin jiki. Idan uwa ce ta sha tana da ciki, ɓarnar ta riga haihuwa, domin akan haifi yaron da matsattsun hanyoyin iska. Hayaƙin girki da itace ko gawayi a wurin da iska ba ta zagayawa shi ma yana ƙara wa yara ciwon ƙirji. Cikin duk abubuwan haɗarin da aka ambata, wannan na cikin 'yan kaɗan da ke hannun mutanen gida, kuma idan kana neman ranar da za ka daina, ranar da aka sa wa ɗanka robar oksijin a hanci ta isa dalili.

Shayar da nono yana karewa?

Yana rage haɗarin kwanciya da tsananin ciwon, musamman nonon uwa zalla na watanni shidan farko, saboda sinadaran garkuwar da ke cikinsa. Ba ya hana kamuwa gaba ɗaya. Idan uwa ce ke mura, ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki, ta ci gaba da shayarwa. Idan jaririn ya kasa tsotsa a asibiti, ta tatsa a ba shi ta siririyar robar hanci, hakan kuma zai hana nonon ƙafewa.

Gaskiya ne maza sun fi kamuwa?

Sun ɗan fi mata yawa a gadon asibiti. Ana danganta hakan da cewa hanyoyin iskarsu sun fi matsewa idan aka kwatanta da girman huhunsu a watannin farko.

Sanyi ne ke kawo shi?

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma tana da lokacinta. A ƙasashe masu hunturu a lokacin sanyi take tashi, a yankuna masu zafi da yawa kuma da damina. Jaririn da aka haifa gab da lokacin ko a farkonsa shi zai gamu da ita yana mafi ƙanƙanta, don haka watan haihuwa ma yana cikin lissafi.

Annobar korona ta nuna yadda cuɗanyar mutane ke tafiyar da abin. A 2020, da aka rufe makarantu aka dage da wanke hannu, RSV ta kusa ɓacewa daga asibitocin ƙasashe da yawa. Da aka buɗe sai ta dawo ba a lokacinta ba: Ostireliya ta ga tashinta a tsakiyar zafi a ƙarshen 2020, Amurka da Ingila kuma a bazarar 2021.

Gwaji ya nuna ƙwayoyi biyu a jikin ɗana. Ciwonsa ya ninka ke nan?

Ba lallai ba. Kusan ɗaya cikin uku na jariran da aka kwantar akan same su da ƙwaya fiye da ɗaya, galibi RSV tare da rainobairos. Gwajin PCR yana da kaifi ƙwarai, har ragowar murar da aka yi makonni da suka wuce yana iya kamawa, kuma wasu ƙwayoyin, irin su bokabairos, ana samunsu a hancin yaran da lafiyarsu lau. Abin da zai gaya wa likita halin da yaro ke ciki shi ne numfashinsa, shan nononsa da awon oksijin, ba yawan sunayen da ke kan takarda ba.

Amma akwai bambancin da ya cancanci a sani. RSV ta fi kayar da ƙananan jarirai, kuma kwanciyarsu takan fi tsawo. Rainobairos ta fi kwantar da waɗanda suka ɗan tasa, musamman masu ƙyasbin fata na gado ko waɗanda akwai asma a danginsu.

Yaro zai iya kwasar wata ƙwayar a cikin asibitin?

Zai iya, kuma wannan ne babban amfanin gwajin: a haɗa masu ƙwaya iri ɗaya wuri guda, a nisanta su da bakwaini da masu ciwon zuciya. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu doguwar kwanciya da waɗanda ke ɗakin jarirai sabbin haihuwa. Hannun ma'aikaci, abin sauraron ƙirji, da hannun mai jinyar da ta taimaka wa maƙwabciyarta ta riƙe mata yaro, duk hanyoyi ne. Zumuncin da ke ƙulluwa tsakanin iyaye mata a ɗakin jinya abu ne mai kyau, sai dai a bi shi da sabulu. Kuma babu rashin kunya idan uwa ta tambayi duk wanda zai taɓa ɗanta, ko likita ne, ko ya wanke hannu.

Waɗanne alamu ne za su sa in tafi asibiti ba tare da jira ba?

Ki kwantar da shi lokacin da ba ya kuka, ki ɗage rigarsa, ki sa agogo a gabanki. Ki ƙirga ɗagawar cikinsa na cikakken minti ɗaya. Kada ki ƙirga na daƙiƙa 15 ki ninka, domin numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya, yakan yi sauri ya lafa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 60 ko fiye a minti ga wanda bai kai wata 2 ba sauri ne, 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

Sannan ki kalli ƙirjin kansa. Idan ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ramin wuya yana zurmawa, ko ƙofofin hanci suna buɗewa, ko kansa yana gyaɗawa tare da kowane numfashi, ko yana wani ɗan nishi a ƙarshen kowace fitar iska, yana shan wahala. Idan abin da yake sha ya koma rabin yadda ya saba, ko aka yi awa 12 kunzugunsa bai jiƙe ba, a tafi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 na ma'aunin Selsiyos a jaririn da bai kai wata 3 ba shi ma na likita ne a ranar.

Ɗaukewar numfashi, leɓe ko harshe ya yi shuɗi ko toka, jiki ya saki, ko ya ƙi farkawa sosai, waɗannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. A kula da jaririn da ya daɗe yana fama sannan ya yi shiru lakwas. Wani lokaci sauƙi ne, wani lokaci kuma gajiya ce ta ci ƙarfinsa, kuma ba a gida ake tantance wannan ba.

An kwantar da mu amma ba a ba shi antibayotik ba. Ba a yi masa komai ke nan?

Ana yi masa abin da yake bukata. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos, sai idan likita ya ga alamar bakteriya ta shigo, kamar a kunne, fitsari ko huhu. Jagororin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2014 da na hukumar NICE ta Ingila a 2015 sun hana ba da salbutamol da sitiroyid, magungunan da ake ba masu asma, haka kawai a wannan ciwo, haka ma bubbuga ƙirji, domin an gwada an ga ba sa rage kwanakin jinya. Dalilin a fili yake: a asma tsokar bututu ce ke matsewa, magani ya sake ta. A nan kuwa tarkace da majina ne suka cika hanya. Maganin tari na kanti ma ba na jarirai ba ne.

Abin da ke ceton rai shi ne oksijin idan awonsa a jini ya sauka ƙasa da kimanin kashi 90, ko 92 ga ƙananan jarirai da masu wata larura, sai nono ta robar hanci ko ƙarin ruwa, da share hanci kafin shayarwa. Idan abin ya ƙi, akwai na'urar tura iska mai ɗumi da ƙarfi ta hanci, da CPAP mai riƙe hanyoyin iska a buɗe, 'yan kaɗan kuma sukan kai ga na'urar numfashi. Aikin shi ne a riƙe yaron har jikinsa ya gama da ƙwayar, kuma akasari cikin 'yan kwanaki ake sallama.

Akwai rigakafi?

Yanzu akwai, bayan doguwar jira. A shekarun 1960 an gwada wata allura a Amurka da ta zo da akasi: yaran da aka yi wa sun fi jin jiki da suka gamu da ƙwayar, biyu suka rasu, abin da ya ja wa binciken baya shekaru da yawa. A 1998 aka amince da falibizumab, mai sunan kasuwa Synagis, wadda ake yi wata-wata a lokacin yaɗuwar cutar, aka keɓe ta ga jarirai mafi haɗari. Sai nirsebimab, wato Beyfortus, da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023. Allura ɗaya ce da ke ba jariri garkuwar kimanin wata 5. A 2023 ɗin kuma aka amince da Abrysvo, wadda ake yi wa mai ciki don ta miƙa garkuwar ga ɗanta. Amurka tana yin ta tsakanin mako 32 da 36, Ingila daga mako 28. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, allurar jariri irin nirsebimab ko ta mai ciki, domin dukkan jarirai, lafiyayyu da masu larura. Ba su kai ko'ina ba tukuna, don haka a tambaya a wurin awon ciki. Daga RSV kaɗai suke karewa, sauran ƙwayoyin suna nan.

Bayan sallama, zai sake yi? Zai zama mai asma?

Sake kamuwa da RSV ruwan dare ne har girma, domin garkuwar da take bari ba ta daɗewa, amma na farkon ne ya fi tsanani. Yaran da aka kwantar sun fi sauran yawan yin fiton ƙirji idan sun yi mura a shekarun farko, da yawansu kuma yana barinsu kafin su yi nisa a makaranta. Alaƙa da asma ta fi ƙarfi ga waɗanda rainobairos ta kwantar kuma akwai asma a gidansu. Idan fiton yana dawowa, ko yana zuwa ba tare da mura ba, a koma wurin likita.

Tarin kansa yana iya kai mako 3 bayan an dawo gida, kuma wannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne muddin yana shan nono, yana jiƙa kunzugu, ƙirjinsa kuma ba ya lotsawa. A riƙa ba shi nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, a ɗiga masa ruwan gishirin hanci na asibiti kafin ya sha idan hancin ya toshe, a kwantar da shi rigingine idan zai yi barci. Idan zazzaɓi ya dawo bayan ya tafi, ko numfashin ya sake yin sauri, a mayar da shi a ranar.